Kama da Ƙarfe Ba Ƙarfe Ba Ne: Sharhi kan Kibod da Maus Masu Ƙyalli

Ɗauki kibod guda biyu ka jera su a kan kantar mai shago, dukansu launin azurfa, dukansu suna ɗaukar ido idan fitila ta haske su. A hoto ba mai iya raba su. Ɗaga na farko, ka ji shi sakayau kamar faifai. Ɗaga na biyu, sai ka kawo ɗaya hannun. Ɗora bayan hannunka a kansu: ɗaya ba ka jin komai, ɗaya kuwa sanyinsa ratsa ka yake yi. Na farkon roba ce aka fesa wa fenti mai ƙyalli, na biyun alminiyum ne aka sassaƙa. Amma a jikin kwalayensu kalmar Turanci ɗaya aka buga, wadda ma'anarta ba ta wuce "mai kama da ƙarfe" ba, kuma mai shago ba zai ɓata yawunsa wajen yi maka fashin baƙi ba. Mata masu sayen sarƙa da ɗan kunne sun riga mu sanin wannan tarko: akwai gwal, akwai ruwan gwal.

Gardamar da masu sha'awar kayan kwamfuta ke yi a kan wannan ƙyalli takan ƙi ci ta ƙi cinyewa, domin kowa da abin da yake nufi in ya ce yana son "mai ƙarfe". Wani idonsa ne ke so, burinsa tebur ya yi tsaf, laftop da kibod da maus su fito launi ɗaya kamar 'yan anko. Wani hannunsa ne ke son sanyin nan da nauyin nan. Wani kuma kunne ne, ƙarar da madannai ke yi idan yatsa ya sauka. A ganina tushen ruɗanin yana wani wurin dabam. Ana sayar da kibod da maus a kwali ɗaya kamar Hassan da Usaini, alhali buƙatunsu sun yi hannun riga. Kibod zama yake yi, don haka nauyi alheri ne gare shi. Maus kuwa yawo yake yi, wuni guda ana jan sa ana ɗaga shi, duk giram ɗin da aka ƙara masa wuyan hannunka ne zai biya.

Ba tun fil'azal launin azurfa yake nufin nagarta ba. Maus na farko, wanda Douglas Engelbart da Bill English suka haɗa a Kalifoniya a 1964, ɗan akwatin katako ne mai ƙafafun ƙarfe biyu a ƙasansa. Kibod ɗin da har yau tsofaffin hannu ke yi wa kirari, wato Model M na IBM da ya fito a 1985, roba ce mai launin madara daga waje. Ƙarfensa a ciki yake, faranti ne na baƙin ƙarfe da aka shimfiɗa ƙarƙashin madannai, shi ya sa na farko-farkonsu suka haura kilo 2. A lokacin ƙarfe lebura ne, yana ɗaukar kaya a bayan gida ba a ganin sa.

Abin ya fara juyawa ne a ƙarshen shekarun 1990. Apple ya fito da iMac mai roba garai-garai launin shuɗi a 1998, da maus ɗinsa kewayayye kamar waina wanda mutane da yawa suka tsana, don ba ka sanin gabansa da bayansa sai ka duba. A 1999 Microsoft ya kawo IntelliMouse Explorer, maus mai ido a maimakon ƙwallo, da jar fitila a gindinsa, an fesa masa fentin azurfa. Ya yi farin jini ƙwarai, kuma duk wanda ya daɗe da irinsa ya ga yadda azurfar ke koɗewa daidai inda yatsa ke zama. A Janairun 2001 Apple ya gwada ƙarfen gaske, laftop ɗin PowerBook G4 na taitaniyum. Kyau kam ya yi kyau, sai dai fentin da aka shafa masa ya riƙa ɓarewa, kuma jikin ƙarfen ya rage masa ƙarfin kama intanet mara waya. A 2003 kamfanin ya koma alminiyum, wanda launinsa ba ya buƙatar fenti. Daga nan sai siririn kibod ɗin alminiyum mai fararen madannai a Agustan 2007, sai laftop da ake sassaƙa jikinsa daga curin alminiyum guda a 2008, sai Magic Mouse a 2009. Wani abin dariya, shekaru da dama tagogin manhajar kwamfutocin Mac na Apple zanen gogaggen ƙarfe ne a kansu, ƙarfen ƙarya a kan allo. A 2007 ɗin da ƙarfen gaske ya sauka a kan tebur aka share na allon.

Tun daga nan idon duniya ya koyi cewa fari-fat ɗin alminiyum alamar tsada ce, sauran kamfanoni suka bi sahu, mai hali da ƙarfe, marar hali da fenti. In kana son ka san iyakar ƙarfin ido a wannan harka, duba abin da ya faru a Disambar 2017. Apple ya fitar da iMac Pro, farashinsa ya fara daga dala 4,999, da kibod da maus masu launin toka mai duhu waɗanda ba a samun su sai an sayi kwamfutar. Ba abin da suka fi na azurfa da shi wajen aiki, ko ƙwayar zarra. Duk da haka waɗanda suka samu suka riƙa sayar da su a kasuwar intanet ta eBay da tsadar gaske, har a Maris ɗin 2018 kamfanin ya fara sayar da su su kaɗai, da ƙarin dala 20 a kan na azurfa. Dala ashirin kuɗin rini.

To, yaya ake samar da ƙyallin? Hanya mafi araha ita ce fenti: a zuba garin alminiyum ƙanana-ƙanana a cikin fenti, a fesa wa roba, a bi da wani ruwa garai a sama don kariya. Ranar farko ba laifi. Amma gumi gishiri ne, man shafawa da turare kuma ba sa raga wa fenti, ga gugar tafin hannu kullum. Bayan wani lokaci sai ka ga baƙar roba ko fara ta leƙo a gefen da babban yatsa ke kwanciya, kamar kanta a ƙafar akuya. Ba gyara, sai haƙuri. Hanya ta biyu ita ce ruwan ƙarfe na gaske a kan roba, inda ake ɗora jan ƙarfe, sannan nikel, sannan kurom, ko kuma a turara ƙarfe a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska har ya lulluɓe robar. Wannan shi ke ba da sheƙin madubi da ake gani a zoben da ke kewaye da wasu maus. Ya fi fenti tauri, sai dai in ya tashi lalacewa ɓawo yake yi, ya ɗago da kaifi har ya iya yankar yatsa, kuma akwai masu fatar da ba ta shiri da nikel, ƙaiƙayi yake sa su.

Hanya ta uku ce ta cancanci a tsaya a kanta, wato abin da masana'antu ke kira anodayizin. Ba shafa wa alminiyum wani abu ake yi ba. Tsoma shi ake yi a cikin ruwan asid, a saki lantarki, sai fatarsa ta sama ta rikiɗe ta zama wani ɓawo mai tauri, irin sinadarin da ake yin sanfefa da shi. Kaurin ɓawon yakan kama daga maikuron 5 zuwa 25, bai kai silin gashi ba. Da farko yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda ke shan rini kamar yadda zane ke shan baba a marina, daga bisani a toshe bakinsu. Tun da daga jikin ƙarfen ɓawon ya tsiro, ba ya ɓarewa kamar fenti. Yakan dai ƙwarzane a kusurwa in ya daki wani abu, kuma a nan ne zaɓin launi ke da tasiri. Mai launin azurfa in ya ƙwarzane, azurfa ce a ƙasa, tabon ba ya fita sosai. Mai duhu kuwa, toka ko baƙi ko shuɗi, kowace ƙwarzana farin layi take bari. Wasu masu gumi mai ƙarfi ma har ƙananan ramuka sukan gani a inda suke ɗora hannu bayan shekaru. Kuma da yake rini ne, da wuya tukunya biyu su fito iri ɗaya sak. Mai neman anko tsakanin kibod ɗin wannan kamfani da maus ɗin wancan wahala kawai zai sha. Ko a gidan Apple ɗin ma, launin tokar nan ya sha canza duhu daga wannan kaya zuwa wancan.

Kafin a tsoma shi ma akwai zaɓin yadda fuskar za ta kasance. Akwai wadda ake gogewa da burushi ta fito da siraran layuka, irin ta kibod ɗin Corsair K70 da ya fito a 2013, tana da kwarjini amma layukan suna riƙe maiƙo da ƙura. Akwai wadda ake fesa wa ƙananan duwatsu ta yi laushi ba sheƙi, ita ta fi ɓoye sawun yatsa. Mai sheƙin madubi kuwa sai mai sha'awar yawo da tsumma.

Yanzu mu zo kan kibod. Abin da mutane ke mantawa shi ne, ko kibod ɗinka zallan alminiyum ne, yatsunka roba suke taɓawa daga safe har dare, domin madannan roba ne. Akwai madannan ƙarfe, amma ba su karɓu ba, suna da santsi, suna da tsada. Ashe amfanin ƙarfe a kibod ba a fatar yatsa yake ba. Yana hana shi lanƙwasa in an danna da ƙarfi, yana hana shi zamewa a kan tebur, sannan yana canza sauti. Wannan na ƙarshen shi ne ya haifar da wata duniya mai zaman kanta. Masu sha'awa a Koriya ta Kudu ne suka yi fice wajen haɗa kibod na musamman da jikin alminiyum, 'yan ƙalilan a lokaci guda, kuma akwai dalilin kuɗi a ciki da ba a cika faɗa ba. Ƙera mazubin roba yana cin maƙudan kuɗi, ba ya biya sai za a buga dubbai, amma injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa ba ruwansa, ko guda hamsin kake so zai yanka maka. Ƙarfe ya zama alamar "na musamman" ne tun da shi ne abin da ƙaramin mai sana'a zai iya yi. Bayan haƙƙin mallakar makunnin Cherry MX na Jamus, wato ɗan abin da ke ƙarƙashin kowane madanni, ya ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh suka cika kasuwa da nasu, farashi ya sauko, har a 2021 Keychron ya fito da Q1, kibod mai jikin alminiyum da ya haura kilo ɗaya da rabi, a kuɗin da ma'aikaci zai iya tarawa ya saya.

Ga inda abin ke ba ni dariya. Kwandon ƙarfe amsa kuwwa yake yi, kana danna madanni sai ka ji wani siririn "ƙiii" yana bin baya kamar an taɓa tasa. Don haka mutumin da ya kashe kuɗi ya sayi ƙarfe, sai ya koma yana cusa masa soso a ciki, yana sa 'yan robobi tsakanin faranti da jiki don kada su haɗu, wani ma ya cire farantin alminiyum ya sa na roba don ya samu taushi da sauti mai zurfi. Wasu kuma su ƙara curin tagulla a gindi don nauyi. Wato ana sayen ƙarfe ne, sannan a yi ta fama a kashe masa murya. Ban ce kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu ba, wanda ya taɓa bugu a kan irin wannan kibod ya san akwai daɗi. Amma rabin daɗin daga soso yake.

Maus kuwa labarinsa a juye yake. Akwai lokacin da aka ɗauka nauyi shi ne inganci a nan ma. Logitech G502 na 2014 giram 121 ne, kuma ya zo da 'yan ƙarafa biyar, kowanne giram 3.6, don mai so ya ƙara. Sai masu buga gem na gasa, waɗanda ke wurga maus daga wannan gefen tebur zuwa wancan sau dubbai a zama ɗaya, suka gane cewa mara nauyi ya fi saurin tashi da saurin tsayawa, kuma bai cika gajiyar da hannu ba. Kasuwa ta juya. Aka fara huda jikin maus kamar saƙar zuma, sannan a ƙarshen 2020 Logitech ɗin da kansa ya fito da G Pro X Superlight, giram 63, roba zalla ba ado. A lissafi alminiyum ba shi da wurin zama a nan: kowane santimita kubik nasa giram 2.7 ne, na robar da aka saba amfani da ita kuwa kaɗan ya ɗara giram 1.

Ƙarfen da ya samu shiga shi ne magniziyam, mai giram 1.74. Shi ma ya fi roba nauyi, amma da yake ya fi ta tauri nesa ba kusa ba, ana iya yin bangonsa siriri a kuma huda shi ko'ina ba tare da ya lotsa ba. Da haka Finalmouse ya yi Starlight-12 a 2021, ƙasa da giram 50, Razer kuma ya yi Viper Mini Signature Edition a 2023, giram 49, a kan kusan dala 280. Sai dai magniziyam ba ya jure gumi, dole a rufe shi da fenti ko wani rufi. Ka ga abin mamaki ke nan: maus ɗin da yake ƙarfe na gaske fenti kake taɓawa a jikinsa, sau da yawa ma baƙi ne, ba ya kama da ƙarfe, wanda yake sheƙi kamar ƙarfe kuwa roba ce.

Inda na ga ƙarfe ya yi aikin kansa a maus shi ne ƙafar gungurawa. Tun daga MX Revolution na 2006 Logitech ke sa ta ƙarfe, a MX Master 3 na 2019 kuma ta baƙin ƙarfe ce da maganaɗisun lantarki ke riƙe ta ko ya sake ta. Nauyinta ne ke sa in ka murza ta sau ɗaya ta yi ta juyawa, ta ratsa doguwar takarda kafin ta tsaya. Sauran jikin, inda tafin hannu ke kwanciya, roba ce. Ko Magic Mouse da ake ɗauka na ƙarfe ne, alminiyum ɗinsa a ƙasa yake. Bayansa roba ce mai sheƙi, domin na'urar da ke jin motsin yatsa ba ta aiki ta cikin ƙarfe. Shi ne kuma maus ɗin da tun 2015 aka sa masa ramin caji a cikinsa, sai an kifar da shi kamar kunkuru kafin a yi masa caji, kuma da aka sauya ramin zuwa USB-C a 2024 a nan aka bar shi. Ido ya ci, hannu ya yi haƙuri.

Maganar mara waya ma ta shigo nan. Bluetooth da ɗan abin da ake soka wa kwamfuta duk a kan zangon gigahaz 2.4 suke magana, kuma rufaffen kwandon ƙarfe tare wannan saƙo yake yi. Shi ya sa galibin kibod ɗin ƙarfe mara waya, in ka juya shi ko ka duba gefensa, za ka tarar da wata taga ta roba, ko ma gindin gaba ɗaya roba ne.

Sanyin nan da ake yabo kuma yana da sharaɗi. Ƙarfe bai fi robar da ke kusa da shi sanyi ba, zafinsu ɗaya tun da a ɗaki ɗaya suka kwana. Abin da ya bambanta su shi ne alminiyum ya fi roba saurin jan zafi sau ɗaruruwa, sai ya zuƙe ɗumin fatarka nan take, kai kuma ka ce sanyi. Wannan yana faruwa ne muddin ɗakin bai kai fatar hannu ɗumi ba, ita kuwa ba ta cika wuce digiri 33 ko 34 ba. A ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, inda aka zana waɗannan kaya, kullum haka abin yake. Amma a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, a watan Afrilu da azahar, an ɗauke wuta, ɗaki ya doshi digiri 40, lissafin juyawa yake yi: ƙarfen ne zai riƙa zuba maka zafi, robar ta zama mai sauƙin hali. Da asubahin hunturu kuma gefen kibod ɗin kamar ƙanƙara.

Hunturun yana da wata tsiyar. Busasshiyar iska tana sa lantarki ya taru a jikin mutum, kana kai hannu ga ƙarfe sai ka ji tas, wani lokaci har kibod ɗin ya ɗauke ya dawo. Akwai kuma wani ɗan zirr da ake ji in an shafa jikin laftop ko kibod na ƙarfe alhali caja tana jone. Wannan ɗan lantarki ne kaɗan da ke zurarowa daga caja, wanda a ƙa'ida wayar ƙasa ce ke kwashe shi. In cajar mai ƙafa biyu ce, ko soket ɗin mai ƙafa uku ne amma mai wayarin bai haɗa ta ukun da komai ba, abin da ba baƙo ba ne a gidajenmu, to jikin ƙarfen ne zai riƙe shi, ya biyo wayar USB har zuwa kibod. Ɗan zirr ɗin galibi ba ya cutarwa, mai kayan roba ma bai san ana yi ba. In dai ya kai ga fizga ta gaske, a cire fulogi a kira mai gyaran wuta.

Don haka in aka tambaye ni, kibod na zaman tebur ya cancanci ƙarfen gaske in aljihu zai ɗauka, kuma azurfa mara sheƙi ta fi mai duhu jure shekaru da ƙurar hunturu. A kula da masu madannai launin azurfa da farar fitila a ƙasa, da rana haruffan ɓacewa suke yi. Maus kuwa a bar tafin hannu ya zaɓa, ko da launinsa zai ɓata anko. Wanda ba zan ba kowa shawarar saye ba shi ne na tsakiyar, roba mai fentin azurfa: ba ta da taurin ƙarfe, kuma ba ta tsufa da mutunci irin na robar da aka zuba da launinta tun daga mazubi, wadda ko ta goge launin nan ne dai a ƙasa. Ko a ranar zubarwa ma akwai bambanci. Narka tsohon alminiyum kusan kashi 5 cikin 100 kawai yake ci na wutar da ake ƙonawa wajen fitar da sabo daga ma'adininsa, shi ya sa ɗan jari-bola zai ɗora jikin kibod ɗin a sikeli ya biya ka, mai fentin kuwa ko kallo bai ishe shi ba.

Gane su a shago ba wuya, amma kada ka dogara da maganaɗisu irin na 'yan gwangwan, domin ba ya kama alminiyum kamar yadda ba ya kama roba; in ya kama, farantin baƙin ƙarfe ne a ciki. Ƙwanƙwasa jikin da farce ka saurara. Leƙa ramin noti ko bakin inda waya ke shiga, nan fenti ke ƙarewa asalin roba ta bayyana. Ɗan murɗa kibod ɗin da hannu biyu ka ji ko zai yi ƙara. Sannan ka ɗora bayan hannu ka ji sanyin, amma in lokacin bazara ne, ka je da safe.